Daga ƙofar mai unguwa zuwa gaban alƙali: Amanar da ke tsakanin jami'an tsaro a Sakkwato

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mu ɗauka cewa da tsakar dare ne a unguwar Gidan Dahala da ke cikin birnin Sakkwato, sai aka ji ihun ɓarawo. Wani ɗan kabu-kabu ya farka ya tarar an ɓalle kwaɗon zaurensa, babur ɗin da yake ciyar da iyalinsa da shi babu shi babu dalilinsa. Ba a jima ba 'yan sintiri suka tare wani saurayi a bakin lungu. Baƙo ne, babu wanda ya shaida shi, da aka laluba aljihunsa kuma sai ga ƙullin ƙwayoyin maye. Nan da nan maza suka fito da sanduna, kowa da abin da yake faɗa. Misali ne kawai na buga, amma duk wanda ya taɓa zama a unguwannin birnin nan ya san irin wannan dare.

Tambayar da ke gaban mutanen da suka taru ita ce, a hannun wa za a damƙa wannan saurayi? Akwai mai unguwa, akwai ofishin 'yan sanda, akwai Hisbah, akwai hukumar NDLEA tun da an ga ƙwaya, akwai jami'an Sibil Difens, ga kuma su 'yan sintirin da suka yi kamun. Abin da aka aikata a cikin sa'o'i biyu ko uku masu zuwa shi zai nuna ko mai babur zai sake ganin abin hawansa, kuma shi zai nuna ko saurayin nan, in har ba shi ya yi satar ba, zai koma wurin mahaifiyarsa da ransa da lafiyarsa.

Kullum ana kira ga hukumomin tsaro su haɗa kai, sai dai ba kasafai ake fayyace abin da haɗin kan yake nufi ba. Wasu sun ɗauka sintirin haɗin gwiwa ne da ziyarar ban girma tsakanin shugabanni. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna wannan mas'ala, kuma abin da mai karatu zai tsinta a cikin bayanansu ya taƙaitu a kan abu biyu. Na farko, kowane jami'i ya san inda ikonsa ya tsaya. Na biyu, idan ya kai wannan iyaka, ya miƙa wanda ake tuhuma tare da duk hujjar da ya samu ga wanda aikin ya koma hannunsa, ba ragi ba ƙari.

Birni ɗaya, hukumomi da yawa

Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tanadi rundunar 'yan sanda guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, don haka babban nauyin binciken laifuka a wuyanta yake. A gefenta akwai hukumomin tarayya da aka keɓe wa fannoni na musamman. An kafa NDLEA a 1989 domin yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Hukumar Sibil Difens ta samu dokarta a 2003, kuma a wannan shekarar ne aka kafa NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane. A matakin jiha, gwamnatin Ahmad Aliyu ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a 2024 domin tallafa wa jami'an tsaro a yankunan da 'yan bindiga suka addaba, sannan ta sake farfaɗo da hukumar Hisbah. A ƙasa da waɗannan akwai 'yan sintirin da mutanen unguwa ke tara kuɗi su biya, da kuma tsarin sarauta wanda ya taso daga mai unguwa zuwa uban ƙasa har fadar Sarkin Musulmi.

Shi kansa birnin ba a cikin ƙaramar hukuma ɗaya yake ba. Bayan Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu, gidaje sun malala cikin Wamakko da Dange-Shuni da Kware, kuma kowane yanki yana da ofisoshin 'yan sandan da ke kula da shi. Babur ɗin da aka sace a Gidan Dahala da ƙarfe biyun dare yana iya barin yankin ofishin da aka kai ƙara cikin 'yan mintuna, kafin hantsi kuma yana iya isa Illela, wadda ba ta kai kilomita 100 daga Sakkwato ba, daga can sai Ƙonni a Jamhuriyar Nijar. Ɓarawo ba ya tambayar inda iyakar wani ofishi ta tsaya, jami'i ne doka ta ɗaure da iyaka. Saboda haka idan rahoto ya kwana a littafin ofishi ɗaya ba a isar da shi ga maƙwabtansa ba, an riga an ba ɓarawo ratar dare guda.

Yawan hukumomi kuma yakan haifar da jayayya a kan iko. A Kano, majalisar jiha ta yi dokar Hisbah a 2003, amma a watan Fabrairun 2006 gwamnatin tarayya ta ayyana haramta hukumar, aka kama shugabanninta, maganar ta kai gaban kotu. Asalin rigimar shi ne ko Hisbah 'yan sandan jiha ce da aka sauya wa suna. Duk jihar da ke da irin wannan hukuma tana bukatar ta ba da amsar wannan tambaya a aikace, ta hanyar da dakarunta ke bi da wanda suka kama.

Yadda magabata suka raba aikin

Imam Bukhari ya ruwaito daga Anas (RA) cewa matsayin Ƙaisu ɗan Sa'ad ɗan Ubada a wurin Manzon Allah (SAW) ya yi kama da matsayin shugaban 'yan sanda a wurin sarki. Imam Muslim kuma ya ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar wa mai kayan a kan algus. Malamai na ɗaukar wannan a matsayin tushen aikin Hisbah. Da daular Musulunci ta faɗaɗa, sai waɗannan ayyuka suka zama muƙamai daban-daban: alƙali, da mai kula da 'yan sanda, da muhtasibi, da mai duba koke-koken zalunci a kan masu mulki.

Al-Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira (1058), ya yi bayanin iyakokin waɗannan muƙamai a littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya. A wurinsa muhtasibi yana da ikon hana mummunan abin da ya bayyana a fili, kamar tauye mudu, da algus, da taurin bashin wanda yake da halin biya kuma bai musanta ba. Amma da zarar musu ya shigo, wannan ya ce an yi wancan ya ce ba a yi ba, to aikin ya fita daga hannunsa, domin ba shi da ikon sauraren shaidu ko rantsar da mutum. Wannan na alƙali ne. A ɗaya ɓangaren kuma muhtasibi yana da abin da alƙali ba shi da shi, wato yana iya tashi ya bincika ɓarnar da ta bayyana ko da babu wanda ya kawo ƙara, alhali alƙali sai an zo gabansa. An tsara muƙaman ne yadda kowanne zai rasa wani abu da yake hannun ɗan'uwansa, don kada mutum ɗaya ya zama shi ne mai kamu, shi ne mai shaida, shi ne mai hukunci.

Littattafan fiƙihu suna da babi a kan wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali. Idan shaidu suna wani gari, wanda ake ƙara kuma yana wani, alƙalin garin farko zai saurari shaida ya rubuta, ya buga hatimi, a samu waɗanda za su tabbatar cewa wasiƙarsa ce, sannan a kai wa alƙalin gari na biyu ya yi aiki da ita. Malamai sun tsananta sharuɗɗan wannan wasiƙa saboda sun san cewa a lokacin da hujja ke tafiya daga hannu zuwa hannu ne aka fi samun damar sauya ta. Wannan damuwar ce ta sa a yau ake bukatar a rubuta sunan wanda ya miƙa mai laifi da na wanda ya karɓa, da lokacin, da jerin kayan da aka samu a wurinsa.

Gadon da Sakkwato take da shi

Mutanen Sakkwato ba baƙi ba ne ga wannan tsari. A Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa mataimaka huɗu da mulki ke tsayuwa a kansu: waziri amintacce, da alƙalin da ba ya tsoron zargi a kan gaskiya, da shugaban 'yan sanda mai ƙwato wa raunana haƙƙinsu daga masu ƙarfi, da mai tara haraji wanda ba ya zaluntar talakawa. Abin lura shi ne yadda ya ware alƙali daban da shugaban 'yan sanda daban, da kuma ma'aunin da ya ɗora wa aikin ɗan sanda, wato halin da mai rauni yake ciki. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu, lokacin da ya sauka Kano a wajejen 1806, mutanen garin sun roƙe shi ya rubuta musu yadda za su tafiyar da mulki, sai ya wallafa Diya'ul Hukkam, inda ya yi bayanin muƙaman hukuma da hukunce-hukuncen siyasar shari'a bisa tafarkin malaman Malikiyya da suka gabace shi.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, aikin tsaron cikin gari ya ci gaba a hannun dogarai, daga baya aka kafa 'yan doka a ƙarƙashin En'e. Waɗannan sun san kowane lungu da kowane gida, ba a ɓoye musu baƙo. Illarsu ita ce hukuma ɗaya ce take riƙe da 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari, kuma 'yan siyasar adawa, musamman na NEPU, sun sha kokawa kan yadda ake amfani da su wajen muzguna musu. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta rushe 'yan doka ta haɗe su da 'yan sandan Najeriya. An magance wata cuta, amma an bar giɓi. Ɗan sandan da aka turo daga nesa yana da ikon doka amma bai san unguwa ba, mai unguwa kuma ya san kowa amma ba shi da ikon tsarewa ko gurfanarwa. Haɗin kan da ake nema yanzu ƙoƙari ne na sada wannan sani da wancan iko, ba tare da an koma ga tsohuwar illar ba.

Zato da hujja

Mu koma ga saurayin da ke durƙushe a bakin lungu. Me aka sani game da shi? Baƙo ne, an gan shi da dare kusa da inda aka yi sata, kuma yana ɗauke da ƙwaya. Babu ko ɗaya a cikin ukun nan da ya tabbatar da cewa shi ya ɗauki babur. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarci muminai su tantance labari kafin su yi aiki da shi, don kada su cutar da mutane cikin jahilci su dawo suna nadama. Aya ta 12 kuma ta yi gargaɗi a kan yawan zato, ta hana bin diddigin asirin mutane. Al-Mawardi ya ce muhtasibi ba zai leƙa abin da aka ɓoye a bayan ƙofa ba, sai fa idan wani amintacce ya sanar da shi ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar a ce wani ya keɓe da wani zai kashe shi.

Malaman tafsiri suna kawo labarin Banu Ubairiƙ a ƙarƙashin aya ta 105 zuwa gaba a Suratun Nisa'i. An saci sulke a Madina, ɓarawon ya jingina laifin ga wani da bai san hawa ba bai san sauka ba, wanda a wasu ruwayoyi Bayahude ne, danginsa kuma suka zo suna kare shi a gaban Manzon Allah (SAW). Wahayi ne ya sauka ya wanke wanda aka yi wa ƙazafi, ya hana tsayawa a bayan maha'inta. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 bayan Hijira (1350), ya kawo wani labarin a Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya daga zamanin Sayyidina Aliyu (RA). An tarar da wani mutum a kango riƙe da wuƙa mai jini, ga gawa a gabansa, ya kuma amsa cewa shi ya yi kisan. Ana shirin zartar da hukunci sai wanda ya yi kisan na gaskiya ya fito ya tona kansa. Ashe mutumin farko mahauci ne, ya yanka saniya ya shiga kangon don biyan bukata, ya ci karo da gawar. Da aka tambaye shi dalilin amsa laifin da bai yi ba, sai ya nuna cewa ya san babu wanda zai gaskata shi. Idan wuƙa mai jini da iƙrari sun iya yaudarar mutane, ina ga ganin baƙo a bakin lungu?

Wannan ba ya nufin a saki duk wanda aka kama. Malamai irin su Ibn Farhun, wanda ya rasu a 799 bayan Hijira (1397), mai littafin Tabsiratul Hukkam, sun kasa waɗanda ake tuhuma kashi uku: wanda aka sani da kirki, da wanda ya shahara da ɓarna, da wanda ba a san halinsa ba. Na ukun nan hukuma tana iya tsare shi har a bincika lamarinsa. Hujjarsu ita ce ruwayar Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i cewa Manzon Allah (SAW) ya tsare wani mutum a kan tuhuma, kuma a ruwayar Tirmizi an ambaci cewa daga baya ya sake shi. Saurayinmu yana cikin kashi na uku. A tsare shi, amma mai tsarewar hukuma ce, kuma manufar ita ce bincike.

Wannan ya ƙara muhimmanci a halin da Sakkwato take ciki. Rikicin 'yan bindiga a gabashin jihar, a ƙananan hukumomi irin su Sabon Birni da Isa da Goronyo da Rabah, ya koro mutane masu yawa zuwa cikin birni. Baƙon da aka gani da dare yana iya zama ɗan gudun hijirar da bai samu makwanci ba. Yana kuma iya zama ɗan leƙen asirin 'yan bindiga, domin akwai su. Kalmar “infoma” a yau tana iya sa a kashe mutum kafin ya buɗe baki. Rarrabe wannan da wancan yana bukatar bayanan da babu hukuma ɗaya da ta mallake su duka: mai unguwa ya san wanda ya saukar da shi, uban ƙasar garinsu ya san asalinsa, 'yan sanda kuma su ke da damar bin layin wayarsa ta hanyar doka.

Duka, da kama wani a madadin wani

Abin da ya fi saurin lalata bincike shi ne dukan farko. An ruwaito daga Imam Malik a Mudawwana cewa iƙrarin da aka samu bayan tsoratarwa ko duka ba a kafa hukunci da shi. Gaskiya ne wasu malaman mazhabar na baya sun yi rangwame a tsananta wa wanda ya shahara da ɓarna, amma ko su sun bar wannan ne a hannun shugaba ko alƙali, babu wanda ya miƙa shi ga taron jama'a. A Najeriya kuwa doka ta rufe ƙofar gaba ɗaya. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga wanda ya azabtar da mutum don ya yi iƙrari, sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 kuma ya hana kotu karɓar iƙrarin da aka samu ta hanyar zalunci. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya bukaci a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in ban da laifukan da hukuncinsu kisa ne. Babu unguwa a birnin Sakkwato da ta yi wa kotu wannan nisa.

Ga yadda ɓarnar take zagayawa. 'Yan sintiri sun daki mutum har ya amsa laifi, ƙullin ƙwayar ya bi hannun mutum goma, babu wanda ya rubuta komai. Da safe aka kai shi ofishin 'yan sanda da kumburarriyar fuska. A kotu lauyansa ya nuna raunukan, ya tambayi wanda ya fara ciro ƙwayar daga aljihu, aka rasa mai amsawa. Alƙali ba shi da abin da zai kama, sai ya sallame shi. Bayan mako biyu mutanen unguwa suka gan shi yana yawo, suka ce an karɓi kuɗi an sake shi. Ranar da aka sake kama wani, sai su ce babu amfanin kai shi ofis. Da haka mai laifi yake kuɓuta, marar laifi kuma yake halaka.

Haka nan ɗabi'ar kama uba ko mata ko ɗan'uwa don a tilasta wa wanda ya gudu ya fito. A Suratu Yusuf, aya ta 78 da 79, 'yan'uwan Annabi Yusuf (AS) sun roƙi ya riƙe ɗayansu a madadin ƙanensu, shi kuwa ya nemi tsarin Allah daga kama wanin wanda aka samu kayan a wurinsa, ya kira hakan zalunci. Sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, da sashe na 36 na dokar 'yan sanda ta 2020, duk sun haramta wannan. A nan Alƙur'ani da dokar ƙasa magana ɗaya suke yi, don haka babu uzuri ga jami'in da ya aikata, ko wace riga ya sanya.

Abin da ke faruwa idan aka ƙi miƙawa

Jihar Sakkwato ta ɗanɗani sakamakon wannan. A watan Oktoban 2021 'yan sa-kai suka shiga kasuwar Mamande a ƙaramar hukumar Gwadabawa suka kashe Fulani da dama, har da limami, bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga, ba tare da an gurfanar da ko ɗaya a gaban alƙali ba. A cikin wannan watan 'yan bindiga suka auka wa kasuwar Goronyo suka kashe mutum fiye da 40. Kafin shekarar ta ƙare gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta haramta ƙungiyar 'yan sa-kai. A Tangaza da Gudu kuwa, rahotanni da dama sun nuna cewa Lakurawa sun fara samun gindin zama ne a matsayin masu kare jama'a daga ɓarayin shanu, daga baya suka koma karɓar dukiya da yanke hukunci da bakin bindiga.

A ƙarshen watan Maris na 2025 Arewa ta ga irin wannan daga ɓangaren wanda aka zalunta. A garin Uromi na jihar Edo, 'yan banga suka tare motar da ta ɗauko mafarauta daga jihar Ribas za su Kano hutun Sallah, suka ga bindigogin farauta, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, aka kashe mutum 16. Da an miƙa su ga 'yan sanda, tambayoyi kaɗan sun isa su bayyana ko su wane ne. Duk wanda ya zubar da hawaye saboda Uromi ya kamata ya tuna da ita ranar da baƙo ya faɗo hannun unguwarsu. Malaman fiƙihu ba su yi saɓani ba cewa tsayar da haddi aikin shugaba ne ko wanda ya wakilta.

Nauyin da ke kan kowa

Miƙawa ba ta ɗorewa sai idan wanda aka miƙa wa ya riƙe amana. Mutanen unguwa suna da haƙƙi a kan 'yan sanda. Su zo idan an kira su. Su ɓoye sunan wanda ya ba da bayani, domin mutum ba zai sake magana ba idan wanda ya tona ya san shi kafin gari ya waye. Su sanar da mai ƙara da mai unguwa inda magana ta kwana, ko an kai kotu, ko an ba da beli, ko hujja ce ta gaza. Beli haƙƙi ne da doka ta tanada, ba ya nufin an kashe shari'a, amma idan ba a yi wa mutane bayani ba za su fassara shi yadda suka ga dama. Tsakanin hukumomin ma haka ne. Idan aka tarar saurayin ba shi da hannu a satar babur, maganar ƙwaya ta NDLEA ce, sai a miƙa shi da takarda. Idan Hisbah ta ci karo da fyaɗe ko kisa ko fashi a cikin aikinta, wannan na 'yan sanda ne tun daga sa'ar farko, kafin alamu su gushe. Su ma 'yan sanda za su rage wa kansu nauyi idan suka bar wa Hisbah da masu unguwanni abin da suka fi ƙwarewa a kai, kamar sulhunta ma'aurata da maƙwabta da masu bashi.

Sulhu yana da iyaka. A Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai labarin Safwan ɗan Umayya da aka sace wa mayafi, ya kai ɓarawon gaban Manzon Allah (SAW), sannan ya nemi ya yafe, sai aka nuna masa cewa lokacin yafiya shi ne kafin a kawo maganar gaban hukuma. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito fushin Manzon Allah (SAW) lokacin da Usama ɗan Zaid (RA) ya je ceton wata mata 'yar babban gida daga Banu Makhzum da ta yi sata, inda ya bayyana cewa sakin manya da hukunta raunana shi ya halaka al'ummomin da suka gabata. Wayar da wani babba yake bugawa ofis da safe don a saki ɗansa tana rusa aikin da mutum ashirin suka kwana suna yi.

Mu kuma jama'a, namu nauyin shi ne shaida. Ƙarshen Suratul Baƙara ya hana shaidu ƙin zuwa idan an kira su, ya kuma bayyana mai ɓoye shaida a matsayin mai zunubin zuciya. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta wajabta faɗin gaskiya ko da a kan kai ne ko iyaye ko dangi. Imam Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Aliyu (RA) la'ana a kan wanda ya ba mai ɓarna mafaka. Shari'o'i da yawa suna mutuwa ne saboda mutanen da suka cika lungu da dare babu ko ɗaya da ya yarda ya je kotu da rana. Limaman unguwa suna da rawar takawa a nan, domin mutumin da yake ganin zuwa kotu ɓata lokaci ne zai sake tunani idan ya ji daga mumbari cewa wajibi ne na addini.

To, a wancan dare na Gidan Dahala, abin da ya dace ba shi da wuya. Dattijo ɗaya ya tsaya tsakanin saurayin da masu sanduna. A kai shi zauren mai unguwa a zaunar da shi, kada a taɓa shi. Ƙullin ƙwayar ya tsaya a hannun mutum ɗaya a gaban shaidu biyu. A bar kwaɗon da aka ɓalle yadda yake. A kira 'yan sanda, a ba su lambar babur da kamanninsa nan take domin su isar wa sauran ofisoshi da shingayen hanya tun bai yi nisa ba. Idan sun zo, a rubuta wanda ya miƙa da wanda ya karɓa, mutum biyu daga cikin waɗanda suka gani da idonsu su ba da sunayensu, su kuma cika alkawari ranar da kotu ta kira. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta umarce mu da taimakon juna a kan alheri da taƙawa, ta hana mu taimakon juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Taron da ya fito saboda ihun maƙwabci yana cikin na farko, amma sanda ɗaya da aka ɗaga a kan wanda ba a tabbatar da laifinsa ba tana iya mayar da shi cikin na biyu.

Allah Ya zaunar da Sakkwato da Najeriya lafiya, Ya taimaki jami'anmu a kan gaskiya, Ya kare mu daga zaluntar wani ko a zalunce mu. Amin.